Buga Hoto da Hasken Rana da Gishirin Ƙarfe: Jagora Mataki-Mataki

Idan aka shafa wa farar takarda wani ruwa mai launin rawaya da ya ɗan yi kore, aka bar ta ta bushe a cikin duhu, sannan aka ɗora mata reshen zogale aka danne da gilashi aka kai ta rana, cikin 'yan mintuna za a ga duk wurin da ganyen bai rufe ba ya fara sauya launi. Idan aka ɗauke ganyen aka wanke takardar da ruwa zalla, sai siffar reshen ta fito fara tas a tsakiyar shuɗi mai zurfi, har da siraran sanduna da gefen kowane ƙaramin ganye. Wannan aiki shi ake kira sayanotayif, kuma shi ne hanya mafi sauƙi da mutum zai gani da idonsa yadda haske ke sarrafa gishirin ƙarfe idan ya haɗu da sinadarin tsami irin wanda ake samu a jikin tsirrai. Ba ya buƙatar kyamara ko wutar lantarki, kuma kayansa ba su da yawa.

Masanin taurari ɗan Ingila, John Herschel, shi ya gano hanyar a 1842. Shekara guda bayan haka Anna Atkins, wadda ta ƙware a nazarin tsirrai, ta fara fitar da littafinta na ciyayin teku na Birtaniya, inda ta riƙa ɗora kowace ciyawa a kan takarda tana bugawa da rana, har ta tara hotuna kimanin 400 cikin shekara goma. Littafin nata shi ake ɗauka a matsayin na farko da aka ƙawata da hotunan da haske ya buga. Daga shekarun 1870 injiniyoyi da masu zanen gine-gine suka rungumi hanyar don kwafar taswirorinsu, kuma a 1900, lokacin da aka yi wa garin Mafeking na Afirka ta Kudu ƙawanya, da ita aka buga kan sarki da takardar kuɗi ta fam ɗaya.

Abin da ke faruwa a cikin takardar

Ina ganin bai kamata a taɓa burushi ba sai an fahimci wannan sashe, domin kusan duk matsalar da za a ci karo da ita a gaba, a nan bayaninta yake. Ƙarfen da ke narke a cikin gishiri yana zuwa a yanayi biyu: akwai mai caji uku, wanda ake rubutawa Fe3+, akwai kuma mai caji biyu, wato Fe2+. Bambancinsu ilektaron ɗaya ne tak. Sinadaran tsamin tsirrai kuwa kowa ya san ɗanɗanonsu ko da bai san sunansu ba: sitirik shi ne tsamin lemon tsami, tartarik shi ne na tsamiya, okzalik kuma ana samunsa a ganye irin su alayyafo. Waɗannan sinadarai suna da halin riƙe ƙarfe mai caji uku su kewaye shi. A cikin duhu haka za su zauna tare ba tare da wani canji ba. Amma da zarar hasken da tsawon zangonsa ke tsakanin nanomita 300 zuwa 450 ya sauka a kansu, wato hasken UV da ido ba ya gani da kuma ɓangaren shuɗin haske, sai ilektaron ɗaya ya bar sinadarin tsamin ya koma jikin ƙarfen. Ƙarfen ya zama mai caji biyu, shi kuwa sinadarin tsamin ya kakkarye, yana fitar da iskar CO2. Masanin kimiyya Bajamushe, Johann Döbereiner, ya lura da wannan a jikin okzalet na ƙarfe, wato gishirin da ƙarfe ke yi da okzalik, tun 1831, shekara goma sha ɗaya kafin Herschel ya mai da shi hanyar buga hoto.

Wannan canji shi kaɗai ba ya ba da hoto mai ɗorewa, domin ƙarfe mai caji biyu yana narkewa ya bi ruwa. Saboda haka ake haɗa gishiri na biyu, ferisayanaid, wanda ba ya yin shuɗi da ƙarfe mai caji uku, amma yana haɗuwa da mai caji biyu nan take su samar da shuɗin Farusiya, launin da aka fara samu a birnin Balin na Jamus wajen 1706. Shuɗin Farusiya ba ya narkewa a ruwa, yana maƙalewa a tsakanin zaren takarda. Wurin da haske ya taɓa ya zama shuɗi ya zauna, wurin da inuwa ta kare kuma gishirinsa yana nan yadda yake, ruwa ya tafi da shi. Ya kamata a lura cewa wannan shuɗi ba shi da dangantaka da shunin baba da ake rini da shi a marina, ko da yake ido zai iya kwatanta su. Shunin baba yana son ruwan toka, shuɗin Farusiya kuwa ruwan toka shi ne ajalinsa, kuma za a sake dawowa kan wannan batu sau da yawa.

Kayan aiki

Gishiri biyu ake nema a shagon sayar da sinadaran ɗakin gwaji ko wajen masu kayan zane. Na farko a jikin kwalbarsa an rubuta ferric ammonium citrate, wato sitiret, gishirin da ƙarfe ke yi da sitirik, kuma yana zuwa iri biyu, kore da ruwan ƙasa. A nemi koren, wanda aka fara amfani da shi a 1897, domin ya fi saurin jin haske. Na biyu an rubuta potassium ferricyanide, ƙwayoyinsa jajaye ne masu ƙyalli. Akwai wani mai suna kusa da shi, ferrocyanide, wanda ƙwayoyinsa rawaya ne, kuma idan aka yi kuskure aka sayo shi, haɗin zai zama shuɗi tun a cikin kofi kafin ya ga rana. Daga nan zan riƙa kiransu koren gishiri da jan gishiri.

Sauran kayan su ne ƙaramin sikelin da ke auna giram, sirinji marar allura don auna ruwa, kwalabe biyu masu duhu da murfin roba, kofin gilashi ko na roba, faffaɗan burushi mai laushi ko soso, gilashin taga mai kaurin milimita 3 ko 4, katako ko kwali mai ƙarfi daidai girman gilashin, matsai huɗu irin na riƙe takardu, faranti mai zurfi na roba, da safar hannu. A guji duk abin da aka yi da ƙarfe: cokalin ƙarfe, kwanon ƙarfe, har da burushin da aka ɗaure gashinsa da zoben ƙarfe, domin ƙarfen yana iya sauya gishirin ba tare da haske ba, ya bar ɗigo-ɗigon shuɗi.

Game da lafiya, koren gishiri ba shi da wani haɗari mai yawa, har ana sa ɗan kaɗan daga cikinsa a wasu abubuwan sha. Jan gishiri ma, duk da sunan sayanaid da ke jikinsa, sayanaid ɗin a ɗaure yake da ƙarfe ƙam. Amma idan ya haɗu da asid mai ƙarfi, ko aka ƙona shi da wuta, yana sakin iskar da ke kashe mutum. Don haka kada a ajiye shi kusa da asid na batirin mota ko asid ɗin wanke bayan gida. Ina jaddada wannan ne saboda a kasuwa sunan ruwan batir yana hawa kan abu biyu, tataccen ruwa da kuma asid, kuma mai neman tataccen ruwa don wannan aiki dole ya tabbatar da abin da aka ba shi. A sa safar hannu, kada a shaƙi garin gishirin, kada a yi aikin a wurin girki, kuma a rubuta suna a jikin kowace kwalba a ɓoye ta daga yara.

Mataki na farko: haɗa ruwan

A auna giram 25 na koren gishiri a zuba a cikin mililita 70 na tataccen ruwa, a juya da sandar roba ko ta gilashi har ya narke, sannan a ƙara ruwa har jimilla ta kai mililita 100. A zuba a kwalba ta farko. A kwalba ta biyu kuma a narka giram 10 na jan gishiri, shi ma a cika shi zuwa mililita 100. Wasu suna amfani da giram 20 da giram 8, kuma hakan ma yana aiki, sai dai shuɗin yakan ɗan fi sauƙi. Muddin ba a haɗa kwalaben biyu ba, suna yin watanni a wuri mai duhu da sanyi. Ruwan koren gishiri yana yawan yin fumfuna a samansa, musamman a lokacin zafi, domin sitiret abinci ne ga ƙwayoyin fumfuna. Idan haka ta faru a tace shi da tsumma mai tsabta ko takardar tacewa, a ci gaba da aiki da shi.

Sai an tashi shafawa ake haɗa su, daidai wa daida, kuma gwargwadon abin da za a yi amfani da shi a ranar. Takarda mai girman A4 tana shan kimanin mililita 3 na haɗin, wato ɗaya da rabi daga kowace kwalba. Daga wannan lokaci ruwan ya fara jin haske, saboda haka a rufe taga a yi aiki a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai rauni mai launin rawaya. Ba a buƙatar duhu ƙirin kamar na ɗakin wankin fim, amma hasken rana da doguwar fitila fara suna iya dusasar da takarda tun kafin a fara.

Mataki na biyu: zaɓen takarda da shafawa

A nan ne mafi yawan masu farawa ke yin asara ba tare da sun san dalili ba. Yawancin takardun zamani ana cusa musu garin alli don su yi fari kuma su daɗe, alli kuwa sinadari ne mai kashe tsami, ɗan gidan su kanwa da toka. Idan ruwan ya shiga irin wannan takarda, allin yana raba ƙarfen da sitiret ɗin da ke riƙe da shi, sai hoto ya fito dishi-dishi ko fararen wurarensa su yi rawaya. Takarda mafi dacewa ita ce mai kauri ta zanen ruwa, ta giram 200 zuwa 300, musamman wadda aka yi da auduga, domin tana jure wanki ba ta yagewa. Hanyar gwada kowace takarda mai sauƙi ce: a shafa wa ɗan yanki, a bar shi ya kwana a cikin duhu. Idan da safe yana nan da launinsa na rawaya mai kore, takardar tana da kyau. Idan ya koma kore mai duhu ko shuɗi-shuɗi alhali bai ga haske ba, takardar tana faɗa da gishirin. Ana iya gyara irin wannan ta hanyar jiƙa ta minti goma a ruwan da aka sa wa ruwan khal, a ɗauraye, a busar sarai kafin a shafa.

A shimfiɗa takardar a kan tsohuwar jarida, a tsoma bakin burushi kaɗan, a ja daga hagu zuwa dama har a gama, sannan a sake bi daga sama zuwa ƙasa don daidaitawa. Abin da ake so shi ne shafi siriri mai launi ɗaya, ba tare da wurin da ruwa ya kwanta ba. Mutane suna tsammanin yawan ruwa zai ƙara zurfin shuɗi, alhali abin da ke faruwa shi ne gishirin ya bushe a saman takarda ya zama ƙwayoyi, shuɗin ya samu a kansu maimakon cikin zare, sai ruwan wanki ya kwashe shi gaba ɗaya. Bayan shafawa a sa takardar a cikin durowa ko kwali mai rufi ta bushe, abin da ke ɗaukar rabin awa zuwa awa guda. A lokacin hunturu takan bushe cikin mintuna kaɗan, a damina kuwa sai an ƙara haƙuri, kuma gara a yi amfani da ita a ranar, domin laima tana lalata takardar da aka shafa. Kada a taɓa ɗora komai a kan takarda mai sauran danshi.

Yadi ma yana karɓar wannan aiki idan auduga ne ko siliki. Akoko da farin alawayyo suna yin kyau, amma sai an wanke su an fitar da sitaci, an kuma ɗauraye sabulu sarai. Yadin roba ba ya riƙe shuɗin.

Mataki na uku: abin da za a buga

Hanya mafi sauƙi ita ce ɗora abu kai tsaye. Ganye mai laushi, gashin tsuntsu, leshi, zaren saƙa, ko zanen da aka yi da baƙar tawada a kan farar leda, duk suna aiki. Abin da ya kwanta lif a jikin takarda yana ba da gefe mai kaifi, wanda ya ɗan tashi kuma haske yana shiga ƙarƙashinsa ya ba da gefe mai laushi. Ganye mai ruwa a jiki gara a danne shi a cikin littafi kwana biyu, domin zafin rana a ƙarƙashin gilashi yana sa shi zufa ya ɓata takardar.

Wanda ke son buga hoton mutum ko na gini sai ya yi negatif. A ɗauki hoton a waya ko kwamfuta, a mai da shi baƙi da fari, a juya launinsa yadda fari zai zama baƙi, a kuma juya shi hagu zuwa dama, sannan a buga a kan leda mai shara-shara ta firinta daidai girman da ake so hoton ya fito. Dalilin juyawa hagu zuwa dama shi ne, ɓangaren da tawada take shi ake kifawa a kan takarda, don kada kaurin ledar ya shiga tsakani ya rage kaifin hoto. Idan babu leda, ana iya bugawa a farar takarda ta ofis a shafa mata man girki kaɗan a baya har ta yi shara-shara, a goge sarai. Hoton zai fi laushi, kuma zai buƙaci ƙarin lokaci a rana.

Mataki na huɗu: shanyawa a rana

A jera su haka: katako a ƙasa, takarda fuskarta sama, ganye ko negatif, sannan gilashi, a matse gefe huɗu. A kai wurin da rana ke bugawa kai tsaye, a fuskantar da gilashin ga rana. Lokacin da ya fi ƙarfin UV shi ne daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3 na yamma. A rana mai ƙarfi minti 5 zuwa 15 yakan isa, amma gajimare da ƙurar hunturu suna rage UV fiye da yadda ido ke nunawa, don haka ranar da hazo ya rufe sama lokacin yana iya ninkawa.

Agogo shi kaɗai ba abin dogaro ba ne, launin takardar shi ne ma'auni. A minti na farko rawayar tana komawa kore, sannan kore mai shuɗi, sannan shuɗi sosai. A nan ne mai farawa yake ɗokin ɗaukewa, kuma idan ya ɗauke, ruwa zai tafi da rabin hoton. A bar shi ya wuce nan. Shuɗin zai fara komawa toka-toka mai ƙyallin tagulla, kamar hoton yana lalacewa, kuma wannan ita ce alamar nuna. Abin da ya faru shi ne haske ya samar da ƙarfe mai caji biyu fiye da kima, har ya mai da wani ɓangare na shuɗin zuwa wani sinadari marar launi da ake kira farin Farusiya, wanda iska za ta sake mayar da shi shuɗi daga baya. Wurin da ya fi yin toka a rana shi zai fi kowane wuri zurfin launi bayan an gama.

Don kauce wa asarar takarda, a fara da yankin gwaji. A ɗauki doguwar takarda da aka shafa, a rufe ta da kwali a bar santimita 2 a buɗe, bayan kowane minti 2 a ja kwalin a buɗe wasu santimita 2, har a kai matakai shida ko bakwai. Bayan wanki za a ga tsani na shuɗi daga mai sauƙi zuwa mai zurfi, kuma matakin farko da shuɗin ya daina ƙaruwa shi ne lokacin da ya dace da wannan rana da wannan takarda. A rubuta lokacin da yanayin sama a bayan yankin, domin bayan 'yan makonni waɗannan yankuna su ne za su zama malamin mai aiki.

Malamin makaranta da ke son nuna wa ɗalibai cewa haske ne ke aikin, zai iya shafa yanki uku: ɗaya a bar shi a durowa, ɗaya a rana a buɗe, ɗaya kuma a naɗe shi da takardar alminiyam a ajiye shi a rana kusa da na biyu. Na ukun zai yi zafi amma zai fito daga wanki fari, abin da ke nuna cewa zafi ba shi ke sauya ƙarfen ba.

Mataki na biyar: wanki

A koma inuwa, a cire gilashi, a tsoma takardar a farantin ruwa fuskarta ƙasa, a riƙa girgiza farantin a hankali. Ruwan farko zai yi rawaya da ɗan shuɗi, a zubar a sake sabo, a maimaita sau uku ko huɗu cikin minti 5 zuwa 10, har sai babu sauran rawaya a fararen wurare. A ɗaga takardar a duba ta a haske, domin rawayar da ta rage gishiri ne da bai fita ba, kuma zai yi shuɗi daga baya ya dusasar da hoto. Kada kuma a bar ta a ruwa fiye da kima ko a sakar mata famfo mai ƙarfi.

Irin ruwan yana da tasiri babba. Ruwan rijiya ko na burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da alli ko kanwa-kanwa, kuma irin wannan ruwa yana cin shuɗin yana mai da shi tsatsa mai launin rawaya, tun hoton yana cikin faranti. Maganinsa shi ne a sa babban cokali biyu na ruwan khal, ko ɗan garin sitirik, a kowace lita ta ruwan farko. Wannan tsami mai rauni ne, ba ya cikin asid masu haɗari da aka yi gargaɗi a kansu, kuma yana fito da launuka na tsaka-tsaki da ruwa zalla ke wankewa. Idan ya yi yawa yana sa fararen wurare su yi shuɗi-shuɗi, don haka a fara da kaɗan.

Hoton da ya fito daga ruwa bai kai cikakken launinsa ba. Yayin da yake bushewa, iskar oksijin tana mai da farin Farusiya shuɗi, kuma sai bayan kimanin awa 24 ake ganin zurfinsa na ƙarshe. Mai son gani nan take zai iya zuba ƙaramin cokali ɗaya na haidirojin da ake wanke ciwo da shi, mai ƙarfin kashi 3 cikin 100, a lita ɗaya ta ruwa, ya tsoma hoton daƙiƙa kaɗan. Launin yana juyawa a gaban ido, daga shuɗi mai toka zuwa shuɗi mai duhu kamar na sabon rini, sai a ɗauraye a shanya a inuwa. Wannan ba ya ƙara wa hoton komai a kan abin da iska za ta yi, sauri kawai yake kawowa.

Idan hoto bai yi ba, dalilin yakan kasance ɗaya daga cikin abubuwan da aka riga aka ambata. Shuɗin da ya bi ruwa ya bar hoto fayau yana nuna ƙarancin lokaci a rana ko shafi mai kauri. Fararen wurare da suka yi shuɗi suna nuna haske ya taɓa takardar tun tana bushewa, ko ta daɗe a ajiye, ko negatif ɗin bai yi baƙi sosai ba. Rawaya ko launin tsatsa kuma kusan kullum alli ne, a takarda ko a ruwa.

Sauya launi da tanin

Wanda ba ya son shuɗi zai iya mai da hoton ruwan ƙasa ko baƙi, kuma a nan ne ake amfani da maƙiyin shuɗin da gangan. A fara da hoton da ya ɗan wuce kima a rana kuma ya kwana ya bushe. A jiƙa shi, a tsoma a lita ɗaya ta ruwa da aka narka wa ƙaramin cokali na sodar wanki, a tsaya a kansa ana kallo, domin cikin daƙiƙoƙi shuɗin zai koma shunayya, sannan toka, sannan rawaya. Kanwa ma tana yin wannan aiki, sai dai ƙarfinta ya bambanta daga dunƙule zuwa dunƙule, don haka a gwada da yanki tukuna. A ciro shi a ɗauraye sosai, sannan a sa shi a ruwan baƙin shayi mai kauri da ya huce, marar sukari, daga minti goma zuwa awa guda. Tanin, wato sinadarin bauri da ke cikin shayin, yana kama ƙarfen da ya rage a takarda ya ba shi launi mai duhu. Wannan haɗuwa ta ƙarfe da tanin ita ce dukawa suka daɗe da sani, wadda ke sa fatar da aka jeme da bagaruwa ta yi baƙi idan ruwan ƙarfe ya taɓa ta. Ruwan bagaruwa da aka jiƙa aka tace yana iya maye gurbin shayi, amma yana da ƙarfi kuma yana rina farin takardar, saboda haka a tsarma shi da ruwa mai yawa.

Game da okzalet

Mai bincike zai ji labarin wata sabuwar hanya da masanin kimiyya ɗan Birtaniya, Mike Ware, ya fitar a 1994, wadda ta maye gurbin sitiret da okzalet na ƙarfe. Okzalet ya fi sitiret jin haske nesa ba kusa ba, domin idan haske ya karya shi, gutsuren da ya rage yana iya sauya ƙarfe na biyu, ta yadda ƙwayar haske ɗaya kan samar da ƙarfe mai caji biyu fiye da ɗaya. Daidaiton wannan aiki ne ya sa tun 1956, bayan binciken wasu masana kimiyya biyu, Hatchard da Parker, masana ke amfani da shi wajen auna yawan hasken da fitila ke fitarwa a ɗakin gwaji, kuma okzalet ɗin shi ne tushen bugun hoto da ƙarfen filatinam da William Willis ya yi wa rajista a 1873. Duk da haka shawarata ga mai farawa ita ce ya tsaya kan sitiret, domin okzalet guba ne idan ya shiga ciki, kuma haɗin Ware na asali yana ƙunshe da daikuromet, sinadarin da ke haddasa cutar daji. Wannan aiki ne na wanda ya riga ya saba kuma yake da wurin aiki na musamman.

Adana hoton

Shuɗin Farusiya yana daɗewa, hotunan Anna Atkins suna nan da launinsu bayan fiye da shekara 180. Idan aka rataye hoto inda rana ke dukansa zai kwaɗe a hankali, domin haske yana mai da shuɗin farin Farusiya, amma idan aka sa shi a durowa mai duhu inda iska ke shiga, cikin 'yan kwanaki yawancin launin yana dawowa. Kwaɗewar da ba ta dawowa ita ce wadda alli, kanwa, toka ko sabulu suka jawo. Don haka kada a jingina hoton da bangon da aka shafa wa farar ƙasa ko siminti, kada a sa shi a cikin kwalin da aka cusa wa alli, kuma idan za a sa shi a firam a bar ɗan tazara tsakaninsa da gilashi. Yadin da aka buga wa hoto kuma a wanke shi da hannu a ruwan sanyi, ba tare da garin sabulu ko bilic ba, a ɗiga ɗan ruwan khal a ruwan ɗauraya na ƙarshe, a shanya shi a inuwa, a goge shi ta baya da dutsen guga marar zafi sosai.